Daga Bino da Fino zuwa 'Yar Bora: Darasin da yaran Abuja ke ɗauka a gaban talabijin

A shekarar 2010, daidai lokacin da Najeriya ke bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, wani ƙaramin kamfani da ke Abuja mai suna EVCL ya fitar da shirin katun na yara da ya raɗa wa suna Bino and Fino. Mai shirin, Adamu Waziri, zanen gine-gine ya karanta tun farko, kafin ya karkata ga zane mai motsi. Labarin ba shi da wani ƙulli mai wuyar kwancewa. Yaro ne da 'yar'uwarsa, baƙaƙe kamar yawancin yaran ƙasar nan, suna zaune da danginsu a gida irin na birni. Suna da yawan tambaya, wata malam-buɗe-littafi mai suna Zeena kuma tana taya su neman amsa. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen farko ya tsaya ne kan ma'anar ranar 1 ga Oktoba. Daga baya aka juya shirin zuwa harsuna da dama, har da Hausa da Yarbanci da Igbo da Suwahili.

Wannan ɗan abu ya isa ya jawo hankalin manyan kafafen labarai na duniya, ciki har da CNN, kuma dalilin abin a tsaya a yi tunani ne. A ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan baƙar fata a duniya, ganin yaro baƙi a katun yana harkokinsa na yau da kullum, ba yunwa ba yaƙi, ya zama abin ba da labari. Fim ɗin katun da ya fi kowanne suna a kan Afirka, The Lion King na 1994, babu ɗan'adam ko ɗaya a cikinsa. Zakuna da kuraye da birai ne ke wakiltar nahiyar. Kamfanin Disney da ya yi shi ya fara fitar da gimbiyoyi tun 1937, amma sai a 2009 ya yi baƙar gimbiya ta farko, ita ma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo take.

Yanzu maganar ta iso teburin gwamnati. Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, ƙarƙashin Lanre Issa-Onilu, ta sha nanata cewa katun na ƙasashen waje na cusa wa yara ɗabi'un da ba na Najeriya ba, kuma tana son a samar da na gida. In aikin ya kankama, takardunsa ta hannun daraktoci da hadimai da ke ofisoshin Garki da Sakatariyar Tarayya za su bi. Don haka tambayar ta dace tun ran gini: in an mai da fuskokin baƙaƙe, an sa musu hula da kallabi, shin darasin da ke kwance a ƙarƙashin labarin ya sauya? Wane ne jarumi, wace ce kyakkyawa, wa ake yi wa dariya, wa ake aika ya ɗauko ruwa?

Mai renon da ba a ɗauka aiki ba

Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Suleja ya san cewa in bai kama hanya da an idar da sallar asuba ba, cunkoson motoci zai cinye masa safiya. Da yamma ma haka. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa ba shi da lokacin tashi, sai maigida ya tashi. A gidajen da uba da uwa duk ke aiki, yara kan dawo daga makaranta su tarar da sa'o'i huɗu ko biyar da babu babba a kansu. Kakar da a da take tara jikoki bayan isha'i ta yi musu tatsuniya tana can Katsina ko Gombe ko Kontagora. Gida mai ɗaki biyu da falo a Lugbe ba shi da wurinta. Gurbin da ta bari talabijin ya cike shi, daga baya wayar hannu ta zo ta karɓe.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye jariri a gaban allo sam, yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Uwar da ta dawo daga ofis a gajiye, ga girki yana jiranta, ta san nisan da ke tsakanin wannan shawara da falonta.

Iyaye ba su yi sake gaba ɗaya ba. Suna sa ido, sai dai abin da suke tsaro sananne ne: tsiraici, sumbata, zagi, da duk abin da ya saɓa wa addini. Shi ya sa gidajen Musulmi da yawa suka koma ga shirye-shirye irin su Omar & Hana na ƙasar Malesiya, inda yaro zai koyi addu'ar cin abinci da ladabin gaisuwa. Hakan ya yi. Amma shiri na iya tsarkaka daga duk waɗannan abubuwa, ya kuma koya wa yaro, ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, irin fatar da ake kira kyau, da jinsin da ke ba da umarni, da irin gidan da ya cancanci a ba da labarinsa. Irin wannan darasi ba a jimla ɗaya yake zuwa ba, balle uwa ta ji ta kashe talabijin. A maimaici yake zuwa, yau da gobe, har yaro ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

Tsanin haske

Masu bincike sun daɗe suna bin sawun wannan al'amari. A shekarun 1940, wasu ma'aurata baƙaƙen fata masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, suka riƙa ajiye 'yartsana fara da baƙa a gaban yara baƙaƙe, suna tambayar su wacce ce ta kirki. Yawancin yaran suka nuna farar. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin nasu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. A 2008 wata cibiya da ke birnin Munich na Jamus, ƙarƙashin Maya Götz, ta fitar da sakamakon ƙidayar taurarin shirye-shiryen yara a ƙasashe 24: kashi 72 cikin ɗari na mutanen da ke ciki fararen fata ne, mata kuma kashi 32 kacal suka samu, maza 68. A 2012 Nicole Martins da Kristen Harrison suka wallafa binciken da suka bi yara kusan 400 a Amurka na tsawon shekara guda. Sun gano cewa yawan kallon talabijin na tafiya tare da raguwar ganin kimar kai ga yara mata, farare da baƙaƙe, da kuma yara maza baƙaƙe. Rukuni ɗaya ne kawai kallon ya ƙara wa ganin kimar kansa, yara maza farare.

Ba daidai ba ne a kwaso wannan a jibge wa yaron Abuja yadda yake. Shi shugaban ƙasarsa baƙi ne, malaminsa baƙi, likitansa da limaminsa baƙaƙe. Bai tashi a matsayin tsiraru ba. A nan abin ta wata ƙofa yake shigowa, ƙofar da ta riga ta kasance a buɗe. Bahaushe yana da tsaninsa na haske tun kafin a kawo dish: baƙi, wankan tarwaɗa, fari, kuma kowa ya san kirarin farar mace alkyabbar mata. Abin da allo ke yi shi ne ya ɗauki wannan tsani ya buga masa hatimi kullum. A gidan da talabijin ɗaya ne, babu wani abu wai shi lokacin yara. Abin da manya ke kallo shi yara ke kallo. Finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke fassarawa da Hausa a Kano sun shiga kusan kowane falo da kowace waya, kuma a cikinsu da wuya a ga jarumar da ba fara ba, duhun fata kuwa sau da yawa rabon mugu ne ko bara ko ɗan ban dariya. Masu sukar Kannywood sun daɗe suna yi mata irin wannan ƙorafi wajen zaɓen jarumai mata.

Sakamakon yana kan kantocin kasuwar Wuse. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, waɗanda har yau ake yawan ambata, sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. A 2025 BBC ta ba da rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta ƙone. Dalilin da ta bayar ba katun ba ne. Cewa ta yi mahaifiyarta ta fi nuna so ga jikokinta masu hasken fata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗora wa Turawa laifin duka rage wa kai aiki ne.

An yi yunƙurin gyara ta wasu fuskoki. A Legas, Taofick Okoya ya fara ƙera 'yartsana baƙaƙe masu suna Queens of Africa a 2007, bayan ya nemi baƙar 'yartsana a kantuna ya rasa. Ɗaya daga cikinsu, Azeezah, Bahaushiya ce. Hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya daga 1 ga Oktoban 2022. Dokar ta yi maganar fasfo. Ba ta hana mai talla ya tara 'yan Najeriya goma ya zaɓi wadda ta fi su haske ba.

Idan ɓera da sata

Duk lokacin da aka ta da zancen katun na gida, waɗanda suka tashi a shekarun 1980 da 1990 kan tuna Tales by Moonlight, shirin da NTA ta fara a 1984 bisa tunanin Victoria Ezeokoli, inda yara ke zagaye wata anti a gindin bishiya ranar Lahadi da yamma. Amsar da ke zuwa baki nan take ita ce a koma ga tatsuniya. Rumbun kuwa cike yake. Amma wanda zai ɗebo daga cikinsa ya kamata ya duba abin da yake ɗebowa, domin daddawa ma da nata warin.

A ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa. Mutum ne da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar bora laifin da ba ita ta yi ba, aka kore ta ta je ta yi wanki a ruwan Bagaja. A hanya ta haɗu da jarrabawa iri-iri, ta yi haƙuri, ta kame bakinta, ta yi ladabi ga halittun da ba su da kyan gani, da aka ba ta zaɓi kuma ta ɗauki ƙaramin ƙwai. Da ta fasa shi sai ga dukiya da dawaki da jama'a. 'Yar mowa ta bi sawu da kwaɗayi da rashin kunya, ta ɗauki babban ƙwai. A yawancin ruwayoyi, abin da ya fito mata shi ne kutare da makafi da guragu, su suka rako ta gida.

Akwai abin yabo a nan da katun na Turawa da yawa ba su kai ba. Yarinya ce jarumar, ita kaɗai ta ratsa daji, kuma labarin yana tare da wadda aka zalunta. Amma a sake dubawa. Makamin yarinyar kirki shi ne shiru da haƙuri. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ƙarya aka yi mata ba. Zaluncin da ke cikin gidan ba a tuhume shi ba, sai dai sa'a ta juya. Mafi nauyi kuma, an mai da naƙasassu su ne azabar da ake saukar wa mara kunya. Yaron da ya sha wannan labari yana shekara biyar, ya fito ya ga makaho a bakin masallacin Area 1, ba sai an gaya masa matakin da aka ajiye mutumin ba. Haka tatsuniyar Ta-kitse, kyakkyawar da sarki ya aura, wadda kishiyoyi suka tilasta wa aiki a rana ta narke: kyau na wadda ba ta shiga rana ne, wahala kuma ta saura. A tatsuniyoyi da dama, ƙarshen alherin da yarinya za ta samu shi ne ɗan sarki ya gan ta. Gizo kuwa, duk ƙaryarsa da haɗamarsa, shi ke yawo yana ƙulla dabara, Ƙoƙi tana gida.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi Abuja kai-tsaye. A barkwancin Hausa, Bagwari shi ne mutumin da ba ya gane magana, har harshen ya samar da kalmar gwaranci ga zancen da bai fita ba, finafinan ban dariya kuma suka ɗauki rawar Ɗan Gwari suka yi ta juyawa. Mutanen da ake nufi, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, suna cikin asalin mazauna ƙasar da dokar soja ta 1976 ta yanka ta zama Babban Birnin Tarayya. A kan gonakinsu da kufansu aka gina unguwannin da ma'aikata suka tare a ciki bayan an dawo da fadar gwamnati a Disambar 1991. Ɗan ma'aikaci da ke dariyar Ɗan Gwari a waya yana iya zama benci ɗaya da ɗan Gbagyi a aji. Ana iya cewa wasa ne irin na taubasantaka, kuma manya sun san iyakarsa. Yaro ɗan shekara shida bai san iyakar ba. Abin da ya gani shi ne akwai ƙabilar da aikinta a labari shi ne a yi mata dariya.

Alhali kuwa labarin da ya fi wannan yana cikin aljihun kowa. A bayan takardar Naira 20 akwai Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi daga Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, aikinta ya zagaya Turai da Amurka. Ita ce mace ɗaya tilo da aka sa hotonta da sunanta a takardun Naira. Da an ce a kawo jaruma mace, kowa Sarauniya Amina ta Zazzau yake kawowa, kuma ta cancanta, sai dai ita ma 'yar sarauta ce a kan doki. Mace mai sana'ar hannu, ko malama irin Nana Asma'u da ta tsara 'Yan Taru don karantar da matan karkara, ko 'yar gwagwarmaya irin Gambo Sawaba da ta sha ɗauri, su ne ke faɗa wa yarinya cewa ba sai an haife ta a fada ba.

Wadda ke kallo daga bakin ƙofa

A cikin abubuwa ukun nan, bambancin mai shi da mara shi ne aka fi yin shiru a kansa, wataƙila don ya fi kusa da gida. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Jessi Streib, suka duba finafinan yara 32 da suka fi kawo kuɗi. Cikin manyan taurari 67, uku ne kawai matalauta, fiye da rabi kuma masu hali ne. Ma'aikatan ƙarfi da ke ciki ana nuna su cikin fara'a suna waƙa, kamar wahalar ba ta taɓa su. Tashoshin YouTube irin su Ryan's World da Vlad and Niki sun ɗaga abin zuwa wani mataki: yara ne na gaske a manyan gidaje, aikinsu buɗe kwalayen sababbin kayan wasa, yau wannan gobe wancan. Ɗan ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, yana kallon wannan a wayar uwarsa, da datar da aka saya da ƙyar. Ba zai ce tsarin tattalin arziki ne ba. Cewa zai yi babansa ne ya kasa.

Amma darasin da ya fi kowanne shiga jiki ba a cikin allon yake ba. A gidaje da dama na Gwarinpa da Kubwa da Wuse akwai yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da aka kawo daga ƙauye aikatau. In an kunna katun, 'ya'yan gida na kan kujera, ita tana ƙasa ko tana raɓe a bakin ƙofa, kuma ita ake kira a tsakiyar shiri ta je ta wanke kwano. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai-tsaye a Babban Birnin Tarayya, ta hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsu. Kowa ya san yadda ake kewaye ta da cewa 'yar dangi ce. Yaran biyu labari ɗaya suke kallo, na Cinderella ko na 'yar bora, kuma ɗan gida yana iya tausaya wa marainiyar da ke cikin allo har ya yi ƙwalla, bai taɓa haɗa ta da wadda ke tsaye a bayansa ba. Babu labarin da ya taɓa nuna masa cewa su biyun mutum ɗaya ne.

A nan ne Bino and Fino ma ke da iyakarsa. Da gangan aka zaunar da yaran a gidan masu rufin asiri, don a karya hoton Afirka ta ƙuda da kwanon bara, kuma manufar ta yi daidai. Sai dai yaron Mpape ko Karmo da ke tallan ruwa, da almajirin tashar Zuba, da miliyoyin da ba sa zuwa makaranta, waɗanda UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta su a miliyan 10.5, su ma ba su ga kansu a ciki ba. Shirin da ya tunkari maganar gaba da gaba shi ne Iwájú, wanda Disney da kamfanin Kugali suka fitar a Fabrairun 2024. A Legas ta nan gaba aka kafa shi, tsakanin Tola, 'yar attajiri da ke tsibiri, da Kole, yaron da ke yi musu aiki, wanda mahaifiyarsa ke kwance ba lafiya a unguwar talakawa. Shiri ne da ya yarda cewa yara na iya fahimtar rashin adalci in an nuna musu. Abin takaicin shi ne sai gidan da ke biyan kuɗin kallo na wata-wata zai gan shi. 'Yan'uwan Tola sun kalla, 'yan'uwan Kole ba su san an yi ba.

Harshe ma ya zama alamar matsayi. Iyaye kan yi alfahari in ɗansu ya ɗauko lafazin Ingila daga Peppa Pig, makarantun kuɗi da yawa kuma har yau suna hukunta yaron da ya yi abin da suke kira banakula. A gidan Bahaushen ma'aikaci, ba abin mamaki ba ne a ga yara na yi wa iyayensu Turanci, Hausa kuma ta zama harshen da ake yi da maigadi da 'yar aiki da mai kayan miya. Gwamnati kanta ta yi gaba ta yi baya: a Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin.

Wa zai biya, wa zai duba

Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai, NBC, da aka kafa a 1992, tana da ƙa'idoji kan shirye-shiryen yara, amma ikonta a kan tashoshin da ta ba lasisi yake. Wayar da ke hannun yaro ta fi ƙarfinta. Hani kaɗai ba zai yi aiki ba; dole sai an samar da abin da yaro zai zaɓa da kansa, shi kuwa katun aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ga masu zane da marubuta da masu murya, ga wutar da sai an saya da man janareta. Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011, ya nuna abin da ake iya yi: tauraruwarsa Kami yarinya ce mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, mai wayo da son wasa, ba abar tausayi ba, abokinta Zobi kuma mai tasi ne da ba ya gajiya da doya. An yi na Hausa da sunan Dandalin Sesame. Kuɗin aikin daga hukumar USAID ta Amurka ya fito, ita kuwa an rufe ta a 2025.

Akwai misali a tarihi na lokacin da hukuma ta biya aka yi wa yara labari. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina, aka kai shi Zariya wajen Rupert East na tsawon wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce. Labaran da yawa aro ne, daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, amma ya sa musu riga da rawani har mai karatu ba ya jin baƙunta. Aro bai hana littafin zama na gida ba, kuma har yau ana karantar da shi. Sai dai littafi ne na zamaninsa: ɗan sarki ake ba labarin, a fada ake bayarwa, yarinya kuwa ba ita aka sa a gaba ba. Wanda zai rubuta sharuɗɗan kwangilar katun na gida a yau yana da damar da East bai yi tunaninta ba. Yana iya neman a gaya masa mata nawa ne ke jan ragamar labari, launin fata nawa aka zana, ko akwai makaho ko gurgu da ba bara yake yi ba, ko akwai ɗan Gbagyi ko Bafulatani da ba don dariya aka kawo shi ba, da kuma harsunan da za a yi shirin da su. Waɗannan tambayoyi ba sa ƙara ko kwabo a kasafin kuɗi, amma sai an rubuta su a takarda kafin a fara zane, domin bayan an zana fuska gyaranta sabon aiki ne.

Sai kuma hanyar isar da shi. In a YouTube kawai aka zuba, yaran Maitama da Asokoro ne za su fara gani, su da dama can ba su rasa abin kallo ba. Yarinyar da ke Kwali ko Abaji, wadda babu kuɗin data a gidansu, NTA da rediyo ne kawai ke iya kai mata, shi ma a ranar da aka kawo wuta ko aka samu batir.